Ranar da Aka Zo Duba Ɗakina

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ni ko da baki ba gwanar magana ba ce, balle da biro. Amma a gaban alƙali an tambaye ni ko ina da abin cewa, na ce babu, alhali akwai. Shi nake so in faɗa a nan, ko da ba zai canja komai ba.

'Yata ɗaya ce. Muna kiranta Zabuwa tun lokacin da ta yi ƙarambau jikinta ya yi ɗigo-ɗigo, ga ta kuma da surutu da gudu. Tabon ya ɓace, sunan ya zauna. Bana ta shiga aji ɗaya.

Babanta mai gyaran wuta ne. 'Yan unguwa suna ce masa Injiniya, shi kuma yana amsawa. Ba zan ce mugu ba ne, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Mun dai kai inda in ya shigo ɗaki sai in rasa inda zan ajiye idona, shi kuma in ya gan ni sai ya ciro waya. Da ya ce mu rabu ban yi kuka a gabansa ba. Na kama ɗaki ɗaya a wani gidan haya bayan tashar mota, na tafi da Zabuwa, bai hana ba.

A kan keken ɗinki rigimar ta fara. Kan keken na mahaifiyarmu ne, shi ta bar mini da ta rasu, kuma da shi nake ɗinki a gida tun ina amarya. Sai dai tsohon katakonsa gara ta cinye, shi ne Injiniya ya yi masa tebur na ƙarfe, ya saka masa ƙaramin inji mai aiki da wuta. Da yayata ta je ɗaukowa da mai baro, ya tare ƙofa ya ce tebur da inji nasa ne.

Yaya ba irina ba ce, ita bakinta ba ya jira. Ta ce, "To kwance mana kan, ka rungumi teburinka ka kwana da shi."

Ya ce, "Walda na yi masa. In aka kwance ya tashi aiki."

"Kai da ko fankar gidanka ba ta juyawa, a kan keken marainiya ka iya walda?"

"Ki dai iya bakinki. Ita ma yarinyar ai aro na ba ku."

Da Yaya ta dawo tana ba ni labari tana dariya, ni wannan maganar ta ƙarshe kaɗai na ji. Bayan kwana biyu na tafi shagonsa ni kaɗai, ban gaya wa kowa ba. Na same shi a kan benci ya buɗe cikin wata rediyo. Na tsaya daga bakin ƙofa na ce, "Ka riƙe keken duka. Ka riƙe gadon da firjin. Ka bar mini Zabuwa kawai."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Na ji. Ki riƙe ta."

Na koma gida da sauƙi a raina. Yaya da ta ji sai ta dafe kai.

"Wa ya ji lokacin da ya faɗa?"

"Ba kowa."

"Ke da rediyo ke nan. To Allah ya sa rediyon ta iya shaida."

Da babu keke sai na nemi aiki. Na samu a wani shagon wanki da guga can gefen kasuwa, mota biyu ake shiga kafin a kai. Aikina guga. Ina tsaye tun safe, tururi yana dukan fuskata, rigunan mutane suna wucewa ta hannuna ban san masu su ba. In an tashi daga makaranta, babbar 'yar Yaya takan biya ta ɗauki Zabuwa zuwa gidansu, ni kuma in na tashi da yamma in biya in ɗauke ta. Ranar da otal ya kawo zannuwan gado nakan makara, in tarar ta yi barci a cikin 'ya'yan Yaya, in goya ta har gida. Nauyinta ya fara fin ƙarfina, ƙafafunta suna dukan cinyata, amma ban taɓa barin ta kwana can ba. Ko sau ɗaya.

Ana cikin haka sammaci ya zo. Injiniya ya kai ƙara cewa yarinyar ba a wurina take zaune ba, na jefar da ita gidan Yaya cikin yara rututu, ni ina can ina aiki. Ya ce shi mahaifiyarsa tana gida kullum, akwai mai kula da ita. A zaman farko alƙali bai daɗe da mu ba. Ya ce za a aiko ma'aikaciyar kula da yara ta duba gidajen biyu, ta kuma ga yarinyar, sannan a dawo.

Maƙwabciyata a gidan hayar, Maman 'yan biyu, ita na fara gaya wa. Mace ce mai kirki, ita take kwashe mini shanya in ruwa ya sauko ba na nan. Ta shigo ɗakina ta tsaya ta riƙe ƙugu tana kallo.

"A haka za su zo su gani?"

Na duba ɗakin kamar yau na fara ganinsa. Katifa a ƙasa. Igiya daga ƙusa zuwa taga, kayan Zabuwa a rataye. Kwalin da ta mayar gidan 'yar tsanarta, ta yi masa labule da ƙyalle. Marafen kwalba da take tarawa a gwangwanin madara. Sai bango. Daga ƙasa zuwa iya tsayin hannunta duk zane ne da alli da gawayi da guntun kala na makaranta: kifi mai ƙafafu, mota, mace mai dogon wuya da ta ce ni ce. Na sha hana ta, na gaji na bari.

Maman 'yan biyu ta ce, "Mutanen nan tsafta suke dubawa, ba komai ba. A tsohon gidanmu akwai wadda aka ƙwace wa yara uku, don an tarar da fo na kashin yara a tsakar ɗaki. Da idona na gani."

"To ya zan yi?"

"Ki bar mini. Sai matar nan ta cire takalmi da kanta kafin ta shigo."

Ana gobe za a zo na roƙi mai shagon ya ba ni hutu. Ya ba ni, har ya ara mini wani farin zanen gado da mai shi bai dawo ya karɓa ba. Na sayo fenti ƙaramin gwangwani. Da rana tsaka na hau shafe bango. Kifin sai da na maimaita masa, gawayi ba ya ɓuya da shafa ɗaya. Maman 'yan biyu ta kawo kujerunta biyu, da darduma, da labule, da furen roba a kwalba. Muka kwance igiyar. Kayan Zabuwa, da kwalin, da gwangwanin marafen, da takalman wasanta da suka ɓare baki, duk muka cusa a buhu muka kai ɗakin Maman 'yan biyu muka tura ƙarƙashin gado. Matashin kanta ma na ɗauke, don ya yi dabbare-dabbare da man kai da yawun barci, ba ya fita ko an wanke.

Da yamma ɗakin ya cika da warin fenti, ita kuma Zabuwa ƙirjinta ba ya son wari, tari take yi har ta yi amai. Ga bangon bai bushe ba, na san sai ta taɓa. Na je gidan Yaya na ce a bar ta ta kwana yau kaɗai.

Yaya ta ce, "Yau kuma? Ke da kike ɗaukar ta ko ana ruwan sama?"

"Fenti na yi."

"Fenti. Sarauniya za ki sauka?"

Zabuwa ta kama zanena ta ce ita sai ta bi ni. Na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya na ce gobe. Tun da na haife ta ranar ce ta fara kwana ba a jikina ba.

Ma'aikaciyar ta zo da hantsi. Dattijuwa ce mai tabarau, da jaka a kafaɗa, ƙafafunta sun ɗan kumbura. Daga gani ta gaji tun kafin ta iso. Ta kuwa cire takalmi a bakin ƙofa, Maman 'yan biyu ta ƙyafta mini ido daga baya.

Ta ce, "Sannu, 'yata. Kai, ɗaki tsaf."

Na ce, "Sannu da zuwa." Na kawo mata ruwa. Ta zauna a kujerar aro, ni na tsaya jikin bango, sai na tuna fenti na matsa.

Ta tambaye ni aikina, da lokacin da nake fita da lokacin da nake dawowa. Na amsa a hankali, sai da ta ce in ɗaga murya. Tana tambaya idonta yana yawo a ɗakin. Ta dubi katifar da farin zane da matashi ɗaya. Ta dubi bayan ƙofa. Ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashin teburin da nake ajiye kwanuka.

"A ina yarinyar take kwana?"

"Nan."

"Tare da ke?"

"Eh."

"Kayanta fa? Na sawa, na wasa, littattafanta?"

In na ce suna ƙarƙashin gadon maƙwabciya, za ta ce don me. In na faɗi don me, sai in faɗi cewa kujerar da take kai ba tawa ba ce, labulen ba nawa ba ne, zanen gadon na wani ne da ban taɓa gani ba. Sai in zama wadda ta shirya wa hukuma ƙarya. Na sunkuyar da kai na ce, "Suna wanki."

"Duka?"

Maman 'yan biyu ta ga na maƙale, sai ta leƙo don ta taimake ni.

"Baiwar Allah, ai wannan ba irin matan nan ba ce. Tsafta kamar asibiti. Wallahi in kika shigo ɗakin nan ba za ki taɓa cewa akwai yaro a ciki ba."

Ma'aikaciyar ta dube ta ta saman tabarau, ta dube ni. Ta ce, "Haka ne." Ta yi rubutu.

Da za ta tafi ta dafa kafaɗata ta ce Allah ya kyauta. Maman 'yan biyu ta raka ta har bakin titi, ta dawo tana rawa da kafaɗa. "Kin ga yadda take kallon labulen? An gama. Ki fara shirin tukwici." Na yi murmushi don kada ta ji ba daɗi.

Da yamma na ɗauko Zabuwa. A hanya take gaya mini wata mata mai tabarau ta zo makarantarsu ta ba ta alewa.

"Me ta tambaye ki?"

"Ta ce a ina na kwana jiya."

"Kika ce me?"

"Na ce gidan Anti mana. Ta ce a ina nake cin abincin rana, na ce gidan Anti. Umma, ba ki ji alewar ba, har da madara a ciki."

Muna shiga ɗaki ta tsaya cak. Ta dubi kujerun, ta dubi furen, sannan ta je jikin bango ta shafa.

"Ina kifina?"

"Ya tafi ruwa."

"Ƙarya ne. Ke kika goge."

Ba ta yi kuka da ƙarfi ba. Ta zauna a ƙasa ta juya mini baya, ta ƙi cin abinci. Na kwaso buhun na zazzage mata kayanta, kwalin ya lotse a gefe ɗaya. Ta ɗauki 'yar tsanar kawai.

Ranar komawa kotu na sa kayana mafi kyau, Yaya ta raka ni. Ɗakin ba babba ba ne, benci ne a jere da fanka ɗaya tana ƙara. Mutane cike, kowa da tasa damuwar, amma ni gani nake kowa ni yake kallo. Injiniya yana gefe ɗaya da mahaifiyarsa. Tsohuwar ba ta taɓa yi mini mugunta ba. Na gaishe ta daga nesa, ta amsa da kai.

Aka karanta abin da ma'aikaciyar ta gani. A gidan uba akwai ƙaramin gado, akwai kayan wasa, akwai kaka a gida. A ɗakin uwa akwai tsafta, amma babu wata alama da ke nuna yaro yana zaune a ciki, babu tufafi, babu wurin kwanciya na biyu, kuma maƙwabciya ta tabbatar. Yarinya da bakinta ta ce a gidan yayar uwarta ta kwana, a can take cin abinci.

Yaya ta miƙe. "Ranka ya daɗe, fenti ta yi. Wannan sakarar fenti ta yi wa ɗaki."

Aka yi dariya a baya. Wani ma'aikaci ya ce ta zauna, ba a kira ta ba. Alƙali ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ba mai faɗa ba ne, a hankali yake magana. Ya fara da keken, don Yaya ta sa an shigar da maganarsa.

"Baban yarinyar ya ce ke kika bar masa keke da gado da firji da kanki. Haka ne?"

"Haka ne."

"Wani ya tilasta miki?"

"A'a."

"To wannan ya wuce." Ya juya takarda. "Kin ji abin da aka karanta game da yarinya. Kina da abin cewa?"

Ina da shi. Yana nan a jere a cikin kaina: goyon da nake yi daga gidan Yaya, igiyar, matashin, kifin da ke ƙarƙashin fenti wanda in aka kankare da farce za a gan shi. Na buɗe baki. Na ji dariyar ɗazu tana nan ba ta gama sauka ba. Na ga ma'aikaciyar a benci na gaba, matar da ta dafa kafaɗata, zan ce mata a gaban mutane na yi mata ƙarya a kan wanki. Yaya tana zungurina da gwiwar hannu har yana zafi.

Na ce, "Babu."

"Ɗaga murya."

"Babu, ranka ya daɗe."

Ya ɗan jira, har yanzu ina ganin ya jira ni fiye da yadda yake jiran wasu. Sannan ya yanke. Yarinya za ta zauna wurin ubanta daga yau. Ni zan riƙa ɗaukar ta Asabar da safe in mayar Lahadi da yamma, mako ɗaya a tsallake ɗaya. In shekarar makaranta ta ƙare, wanda yake da magana ya dawo.

A waje Yaya ba ta zage ni ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta tsaya tana gyara ɗankwalinta, ta kwance ta ɗaura, ta sake kwancewa. Injiniya ya zo ya tsaya ɗan nesa da mu, yana juya makullin babur a yatsa.

"Zan zo bayan la'asar." Sannan ya ƙara, "Keken ma in kina so ki aiko a ɗauka. Tare mini wuri yake yi."

Yaya ta ce, "Allah ya saka da alheri, Injiniya. Ka haɗa mata da rediyon."

Bai gane ba, ya tafi.

Na haɗa kayan Zabuwa a jaka. Na wanke mata kai, na yi mata kitso ƙanana don ya daɗe, na san kakarta idonta ba ya gani sosai. Tana zaune tsakanin ƙafafuna tana ba ni labarin wata 'yar ajinsu da ta haɗiye maɓalli. Na gaya mata za ta je wurin Baba da Kaka ta kwana biyu.

"Ke ma za ki zo?"

"Ina da aiki."

"Kullum ke aiki." Ta juyo. "Baba ya ce ya saya mini gado mai tsani."

"To ki yi hankali kada ki faɗo."

Da ya zo bai shigo ba, ya yi hon daga waje. Ta fita da gudu. Na ɗaura jakar a bayan babur, na ce masa ƙirjinta ba ya son maganin sauro na hayaƙi, kuma ba ta barci sai an bar ƙofa a ɗan buɗe. Ya ce ya sani. Ta zauna a gabansa ta riƙe madubin babur, tana ɗaga mini hannu har suka sha kwana. Maman 'yan biyu tana tsaye a bakin ɗakinta, ta rufe baki da gefen mayafi. Ta ce, "Ni na ja miki." Na ce mata ba ita ba ce. Na shiga na rufe ƙofa tun rana ba ta faɗi ba.

Washegari na fita da wuri kamar mai zuwa aiki, amma ban hau motar kasuwa ba. Na taka zuwa makarantarsu, na tsaya a tsallaken titi bayan rumfar mai shayi. Yara suna ta shiga. Can sai ga babur ɗin. Ya sauke ta, ya miƙa mata jaka, ya duba agogo, ya juya.

Rigar makarantar a juye take. Ni na ɗinka ta, maɓallanta a baya suke, shi kuma ya sa mata su a gaba kamar rigar maza, wuyan yana shaƙe ta, aljihun ya koma bayanta. Na jira har ƙarar babur ɗin ta ɓace, na tsallaka. Na kira ta a hankali, ta juyo.

"Umma, gadon ba shi da tsani."

Na ja ta bayan katanga inda ba kowa, na durƙusa. Na ɓalle maɓallan, na zare hannuwanta, na juya rigar, na mayar. Maigadin makarantar ya gan mu, ya kau da kai.

"Yau ke za ki zo ɗaukata?"

"Babanki zai zo."

"Gobe fa?"

Aka kaɗa ƙararrawa. Na ce ta yi sauri kada a rufe ƙofa. Ta ruga, jakar tana dukan bayanta. Na tsaya har aka ja ƙofar ƙarfen, sannan na tafi tasha na hau motar kasuwa. Na isa shago a makare. Otal ya kawo zannuwa. Na kunna dutsen guga na tsaya ina jira ya yi zafi.